Rigar Nutson Mai Faci

A layinmu akwai wani mai faci da ake kira Tarwaɗa. Ba uwarsa ce ta raɗa masa sunan ba, ba kuma abokan wasa ba. Shi ya raɗa wa kansa, ya yi ta nanatawa har sunan ya bi shi. A cewarsa, lokacin samartaka babu kogin da bai ratsa ba, kuma ya taɓa yin nutso ya daɗe a ƙasa har 'yan'uwansa suka fara karɓar gaisuwa, sai ga shi ya ɓullo da kifi a kowace hammata. Duk wanda ya kawo taya sai ya sha wannan labari kafin a ba shi iska. Mu dai tun da muke da shi, ruwan da muka ga ya shiga bai wuce na bahon da yake tsoma tif ɗin taya ba, shi ma iyakarsa gwiwar hannu.

Amma a faɗi gaskiya, a wajen sana'a ba a ja da shi. In ya hura tif ya danna shi cikin baho, ko kumfa ɗaya ce ta taso, komai ƙanƙantarta, sai ya gan ta. Ya tsani kumfa tsana mai tsanani. A wurinsa duk inda iska ta ɓulɓulo cikin ruwa, to wani ne bai iya aikinsa ba.

Abu ɗaya ne ke ci masa rai, shi ne dangin matarsa. Matar tasa ita ce ƙarama a gidansu, kowa Auta yake ce mata, kuma yayyenta duk masu zama a ofis ne. Babbansu, wanda har maƙwabta ke kira Yaya, manaja ne a wani kamfani. In ana taron dangi ba a tuna Tarwaɗa sai tayar wani ta sace a hanya. Bai taɓa faɗa wa kowa ba, amma abin yana yi masa ciwo ƙwarai.

Wata rana da yamma sai ga motar Yaya a ƙofar gida, kuma tayoyinta huɗu lafiya lau. Aka shimfiɗa masa tabarma, Auta ta kawo ruwa.

"Ƙarshen watan nan zan kwashi dangi mu je hutu bakin teku," in ji Yaya. "Farin yashi, itatuwan kwakwa, sannan akwai masu jirgin ruwa da ke kai mutane tsakiya su nutsa da tukunyar iska a baya, su ga kifaye da murjani. Na yi hayar bas. Auta tana da kujerarta. Saura kujera ɗaya, ina ta tunani tsakaninka da mijin yayarta, mai kemis."

"Mai kemis?" in ji Tarwaɗa.

"Zai yi amfani in wani ya fara amai a jirgi."

"Yaya, teku za a shiga ko asibiti? Mutumin da ko ruwan kwata in zai tsallake sai ya naɗe wando?"

"Ai shi ya sa na zo. Na sha jin an ce kana taɓa ruwa."

"Taɓawa? Yaya, ni da ruwa ai sai dai a ce wa ya girmi wani."

Yaya ya ciro waya ya kunna masa bidiyon wurin. Ga mutane sanye da baƙaƙen riguna masu kama jiki, da tabarau, da takalma irin ƙafar agwagwa, suna yawo cikin shuɗin ruwa, kifaye masu launi-launi na kewaye su. Auta ta dafe ƙirji don sha'awa. Shi kuwa Tarwaɗa fuskarsa sai ƙara ɗaurewa take yi.

"Tsayar da shi nan, Yaya. Ka ga abin da nake gani?"

"Kifin?"

"Kumfa. Dubi yadda take tashi daga kan kowannensu. Kayan mutanen nan yoyo suke yi."

"Ba yoyo ba ne, numfashinsu ne ke fita. Haka ake yi."

"Haka duk wanda bai iya faci ba yake cewa. Ni ba zan sa kayan da ke zubar da iska a gabana ba, balle in bari surukaina su sa. Zan haɗa nawa. Ka zo Asabar ɗin da ke kafin tafiya, ka ga rigar da ko kumfa ɗaya ba za ta fitar ba."

Yaya ya yi dariya har da share ido. "To, gani ya kori ji. In ka nutsa na gani, kujera taka ce."

Ƙarar motar Yaya ba ta gama ɓacewa ba Auta ta juyo.

"Baban yara, tsakaninka da Allah, ka taɓa shiga ruwan da ya wuce ƙugunka?"

"Wace irin tambaya ce wannan?"

"Ranar da ruwan sama ya cika tsakar gidan nan, a kan benci ka tsaya har ya janye."

"Zurfinsa nake aunawa."

"Ka ji dai Yaya ya ce a can suna ba da kayan, suna kuma koya wa mutum."

"Koya wa wa? Ke dai ki shirya jakarki. Ba a fafe gora ranar tafiya."

Washegari ya rufe rumfa da wuri, ya saɓo tif ɗin tarakta guda biyu ya nufi shagon Tela. Tela mutum ne siriri mai kaifin baki, wanda ba ya ɗaga kai daga keke sai in abin ya kai a ɗaga. Wannan karon ya ɗaga.

"Riga nake so mai haɗe da wando," in ji Tarwaɗa. "Ba aljihu, ba maɓalli."

"Da wannan yadin?"

"Da shi."

"Wanki ko guga, wanne ya fi so?" Tela ya miƙe ya zagaya shi da tef. "Ja cikinka."

"Ba ciki ba ne, ma'ajiyar iska ce. Duk masu nutso suna da ita."

"To taka ta isa mutum uku."

Tela ya sa robar a ƙarƙashin keke ya taka. Allura ta karye. Ya sa wata, ita ma ta bi 'yar'uwarta. Ta uku ce ta samu ta ratsa, sai Tarwaɗa ya ɗaga robar ya duba a hasken ƙofa, ya ga ɗan rami.

"Me ka yi mini nan?"

"Ɗinki."

"Wannan ai huji ne."

"To da me kake zaton ɗinki? Huji ne a jere, zare na bi."

Tarwaɗa ya fizge kayansa kamar an taɓa masa ɗa. Aka daidaita a kan Tela zai yanka kawai, shi kuma zai haɗa da sholisho da ƙarfen zafi, irin yadda yake manne faci. Kwana da kwanaki layinmu ba ya shaƙar komai sai warin ƙonanniyar roba. Kowane haɗi sai ya ninka shi sau uku, ya hura, ya tsoma a baho, ya ƙura ido. Masu motoci suka yi ta zuwa suna komawa da tayoyinsu a sace.

Daga nan sai rumfar Mai Walda, wani ƙato mai sanyin hali da ƙarar ƙarfe ta ɗan taɓa wa kunne. Tarwaɗa ya ari tabaransa na aiki.

"Ba za ka ga komai da shi ba," in ji Mai Walda. "Ni ma sai wuta ta tashi nake gani."

"Ai ba ka san ƙarƙashin teku ba. Akwai wani haske a can da ke kashe ido."

"Ka taɓa zuwa?"

"Sau nawa kuma."

Takalman agwagwa kuwa daga bayan tayar tirela ya yanko su, kowane ɗaya tsawon hannu, nauyinsa kuma ba a magana. Ya ɗaura su da tsinken waya, ya sa tabarau, ya fito gwaji da tsakar rana. Taku na farko ya taka ƙafar hagu da ta dama. Taku na biyu ya gaida sandar lantarki, don ya ɗauka Mai Walda ne. Kare ya biyo shi yana haushi, ya ce zai juya ya kore shi, takalman suka ce ba su san zancen ba. Ya tafi da baya da baya har cikin kwata.

Gwaggo, tsohuwar da ke da gidan hayar da suke ciki, tana zaune a ƙofa tana kallo.

"Ɗan nan, tekun ke nan ka iso?"

"Da baya ake shiga ruwa, Gwaggo. Ka'ida ce."

"To Allah ya fito da kai da gaba."

Sai kuma horon riƙe numfashi. Ya durƙusa a gaban bahonsa, ya cusa kai cikin baƙin ruwan nan da ya wanke tif ɗin rabin gari. Wani direba da ya gangaro da taya ya tarar da mutum kai a ruwa, ɗuwawu a sama, ya jefar da tayar ya cafko shi ta ƙugun wando ya fizgo, ya kwantar da shi ya hau danna masa ciki. Da ƙyar Tarwaɗa ya ƙwaci kansa.

"Bawan Allah, wa ya aike ka? Yanzu na fara jin daɗin ruwan."

"Ka yi haƙuri, na ga ƙafarka tana harbawa."

"Salo ne."

Tayar da direban ya jefar kuwa ba ta tsaya ba sai a cikin shagon Tela, inda ta kwantar da mutum-mutumin da yake rataya riguna. Tela ya fito da almakashi a hannu, aka yi ta ba shi baki.

Kafin Asabar ta zo, babu wanda bai ji labari ba, don Tarwaɗa da bakinsa ya gayyaci kowa. Wurin da ya zaɓa shi ne babban tankin roba na Gwaggo, baƙi, wanda ke kan dakali a gaban gida, inda duk 'yan haya ke ɗiban ruwan sha. Bai tambaye ta ba. Ya dai san ranar Asabar take zuwa duba jikokinta.

Shiga rigar kanta yaƙi ne. Auta ta zazzage masa hoda, rigar ba ta shiga ba. Aka koma ruwan sabulu, ita tana ja ta sama, shi yana tsalle, har robar ta haɗiye shi. Sannan ya sa ta shafa sholisho a wuya, da wuyan hannu, da idon sawu, ya manne ko'ina ƙam. A gadon baya, can ƙasa, ya dasa bawul ɗin taya inda za a haɗa tiyon injin iskarsa. Daga ƙugu kuma wani siririn tiyo ya hau zuwa bakinsa.

"In ka shaƙa, ina za ka fitar?" in ji Auta.

"Cikin rigar. Iska ba ta ɓata ba, ba ta fita ba."

"To in ta yi yawa fa?"

"Ke kin taɓa jin wanda iska ta yi wa yawa a ƙarƙashin ruwa?"

Ta san mijinta, in ya ɗebo da zafi sai ya kai bakinsa.

Da hantsi layi ya cika. Masu shaguna sun rufe, mata sun leƙo ta katanga, har masu wucewa sun ajiye kaya. Motar Yaya ta tsaya, ya fito tare da mai kemis, wanda ya zo da 'yar jakarsa ta magani, wai ko za a buƙata. Tarwaɗa ya fito daga gida baƙi wuluk yana sheƙi, yana ɗaga ƙafa ɗaya bayan ɗaya, robar na kuka a kowane motsi. Auta na riƙe da hannunsa don kada ya sake gaida sandar lantarki.

"Jama'a," in ji shi, yana fuskantar bango, sai da aka juyo shi. "Yau za ku ga bambancin mai sana'a da 'yan koyo. Zan shiga tankin nan in zauna a ƙasa. Wanda ya gaji da jira ya je ya ci abinci ya dawo. Yaya, kai dai ka sa ido a kan ruwan. In ka ga kumfa ɗaya, ba wa mai kemis kujerar."

Ya juya wajen Mai Walda, wanda aka ɗora a kan injin iska.

"In na ɗaga hannu, ƙara iska. In na sauke, ka tsaya."

"In ka ɗaga, in ƙara."

"Shi ke nan."

Hawa tsani da takalman tirela ya ci lokaci, sai da mutum biyu suka tura ta ƙasa. Ya zauna a bakin tankin, ya zura ƙafafu, ya zura tiyon baya, ya fara sulalewa. Bakin tankin ba shi da faɗi, ma'ajiyar iskarsa kuwa ta isa mutum uku, kamar yadda Tela ya faɗa. Ya shige har ƙirji, sai ƙafarsa ta taɓa ruwa mai sanyi. Nan jikinsa ya tuna masa abin da bakinsa ya manta. Ya tsaya cak, ya cije tiyo, ya ɗaga hannu ɗaya don ya ce a dakata.

Mai Walda ya ga hannu a sama, ya tayar da inji.

Rigar ta fara cika. Ƙafafu suka kumbura a cikin tanki, ƙirji da kafaɗu suka kumbura a waje, bakin tankin ya shaƙe shi a tsakiya ya kuma matse siririn tiyon bakinsa ya lanƙwashe. Da iska ta shiga hannayen rigar sai suka miƙe da kansu, suka tashi sama su biyun. Mai Walda ya ga hannu biyu, ya ce lallai mutumin nan da gaske yake, ya murɗa inji har ƙarshe.

Tarwaɗa ya tofar da tiyo. "Kashe! Kashe!"

"Me ya ce?" in ji Mai Walda.

"Ya ce ka kashe," in ji Tela.

"Ai bai sauke hannu ba."

"Ba zai iya saukewa ba."

"To ni abin da muka yi da shi ke nan."

Auta ce ta ratsa mutane ta kashe injin da kanta. A saman tanki ga Tarwaɗa, ya zama ƙaton balan-balan baƙi mai ɗan ƙaramin kai, hannaye a sama, wuyan rigar ya tura masa kumatu har sun rufe gefen tabarau. Ko gashin kansa bai jiƙe ba.

"Ya ruwan?" in ji Yaya daga ƙasa.

"Lafiya lau, Yaya," in ji shi da wata siririyar murya. "Wannan matakin farko ne."

"Na biyun fa?"

"A ɗan ciro ni tukuna."

Aka cire tiyon daga inji, iska ba ta fita ba, don bawul ɗin Tarwaɗa ba ya wasa, ga shi kuma yana can cikin tanki inda hannu ba ya kaiwa. Majiya ƙarfi biyu suka hau suka kama hannayensa suka ja. Tankin ne ya ɗaga, shi bai motsa ba. Suka danna shi ƙasa, ya dawo sama. Wani ya kawo shawarar a zuba baƙin mai a gefe ko zai sulluɓe. Mai kemis ya buɗe jaka ya ce yana da maganin kumburin ciki, in zai taimaka.

Ana cikin haka sai ga Gwaggo ta dawo da lemarta. Ta tsaya ta dubi taron, ta dubi tankinta, ta dubi abin da ke toshe da bakinsa.

"Wane ne ya sa wa tankina murfi mai ido?"

"Ni ne, Gwaggo. Ina wuni."

"Ƙafafunka suna ina?"

"Suna ciki."

"Cikin ruwan da muke sha. Da takalman da na ga ka shiga kwata da su."

"Na wanke su, Gwaggo."

"Da wane ruwan?"

Ya kawar da kai, don da na bahon faci ne. Gwaggo ta ce duk wanda ya kusanto tankinta da baƙin mai sai ta karya masa lema a ka. Rana kuma ta fara dukan baƙar roba, iskar ciki ta ɗumama, rigar ta ƙara tashi. Gumi ya cika tabarau. Ruwa dai ya ƙare wa ɗan kada.

"Tela," in ji shi a hankali. "Kana nan?"

"Ina nan."

"Zo ka huda ni."

"Ban ji ba."

"Ka huda ni, don Allah."

"Ɗaga murya layi ya shaida. Kai ne ka ce sana'ata huji ce."

"Jama'a ku shaida, ina neman huji."

Tela ya hau tsani da allurarsa mafi kauri, ya soka a kafaɗa. Ta lanƙwashe. Ya soka wata a ƙirji, ta karye. Ya gwada bakin almakashi a kan haɗin, almakashin ya dawo masa har ya kusa faɗowa.

"Ninki uku ne," in ji Tarwaɗa, kuma duk da halin da yake ciki sai da alfahari ya fito a muryarsa. "Yaya, kana gani? Ko kumfa ɗaya."

"Ina gani."

"Bari in ɗauko wutata," in ji Mai Walda. "Yanzu za ta ɓula."

"A riƙe mutumin nan," in ji Tarwaɗa. "Don girman Allah a riƙe shi."

Auta ta karɓi almakashin daga hannun Tela, ta gyara ɗaurin zane ta hau tsani. Ta laluba ƙarƙashin hammata, inda robar ta miƙe ta yi siriri, ta datsa.

Ƙarar da ta fito ba ta da kyan faɗa a gaban surukai. Doguwa ce, mai hawa da sauka, ta yi kamar za ta tsaya ta sake ɗaukowa. Tsofaffi suka sunkuyar da kai, matan kan katanga suka ɓace ɗaya bayan ɗaya don dariya, karen nan ya bar layin gaba ɗaya. Hannayen Tarwaɗa suka sauko sannu a hankali, ƙirji ya motse, sai kawai aka ga kai ya shige. Tanki ya ce ƙundum.

Abin da ya biyo baya daga ciki muka ji shi, tankin na ƙara masa amo.

"Na mutu! Ku kawo jirgi! Wani abu ya kama ni a ƙafa, mai haƙora ne!"

Ruwa na ta fantsama ta baki. Yaya ya cire agogo ya miƙa wa mai kemis, ya hau tsani ya leƙa.

"Mijin Auta."

"Yaya, ka riƙe mini yara."

"Miƙe tsaye."

"Babu ƙasa, Yaya, na duba."

"Miƙe dai."

Aka ji motsi, ya miƙe. Ruwan iyakarsa cibiya. Abin da ya kama shi kuma tiyon injinsa ne ya naɗe a takalmi.

Da aka fito da shi, Gwaggo ta sa aka buɗe famfon ƙasa ruwan ya malale a layi, ta ce kuma kafin rana ta faɗi tankin nan zai sha wanki ciki da waje, ta san wanda zai yi. Auta ta zaunar da shi a bencin rumfarsa tana yanke robar daga jikinsa, sholisho na tafiya da gashin hannu, shi kuwa ko uffan. Wannan shirun ya fi komai ba mu tausayi, don ba mu taɓa jin irinsa daga gare shi ba. Mutane suka fara janyewa ba tare da an kore su ba.

Yaya ya zo ya tsaya a kansa.

"Yaya," in ji Tarwaɗa, idonsa a ƙasa, "ba wa mai kemis kujerar. Dama so nake a ce sau ɗaya an tafi da ni ba don taya ba."

Yaya ya sosa ƙeya. Mai kemis ya hau duba cikin jakarsa kamar ya yar da wani abu.

"Yaya, ni fa ba inda za ni in babu shi," in ji Auta, ba ta ko ɗago daga yankan da take yi ba. "Ka ba da kujeru biyu in ka ga dama."

"Auta, mutumin nan a cikin tanki ya nemi jirgi. In ya ga teku fa?"

"Wa ya ce zai shiga? In duk kun nutsa, wa zai zauna a kan yashi ya tsare muku takalma da wayoyi?"

Yaya ya dubi mai kemis. Mai kemis ya ce shi dama jirgin ruwa na juya masa ciki, kuma ba shi da wanda zai bar wa shago. Yaya ya yi ajiyar zuciya.

"To. Ranar tafiya ka fito da wuri. Amma ko ƙafarka na gani a ruwa, a can zan bar ka."

Tarwaɗa ya ɗago kai. Idanunsa sun yi ja, zoben tabarau ya kwanta masa a fuska. Ya ja hanci, ya gyara zama.

"Gadin takalma," in ji shi. "Yaya, ka san aikin nan ba na kowa ba ne? Iskar teku tana cin roba, yashi na shiga waya. Akwati na musamman ake buƙata. Zan samo tif ɗin tirela in haɗa wani wanda in aka rufe shi, aka ɗan ba shi iska..."

Auta ta ɗaga almakashin daidai hancinsa.

"Baban yara."

"Buhu ma ya isa," in ji shi.